In wata annobar ta sake ɓulla, a sake kulle Kano ko a bar mutane su nemi abinci?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya na wannan zaure. An tabbatar da mai korona na farko a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020. Ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara da tasa ta mako biyu. Azumi ya kama ana cikin gida. Amma a daidai wannan lokacin ne aka riƙa kai gawa makabartu fiye da yadda aka saba. Ni a ganina kullen bai tsare kowa ba, yunwa kawai ya jawo. In gobe wata ƙwayar bairos ta ɓullo, Allah ya kiyaye, me ya kamata a fara zuba wa kuɗi: kulle, gwaji, ko rigakafi? Bayani dalla-dalla nake so, ban da siyasa don Allah.

Mai_Bibiya:
Wa alaikumus salam Malam Dan_Kurmi. Kafin mu je ga tambayar, akwai gyara a ma'aunin da ka auna kullen da shi. Daga ranar da mutum ya kamu da korona zuwa ranar da alama za ta bayyana, yawanci kwana 5 ne zuwa 6, wani lokaci ya kai 14. Daga bayyanar alama zuwa rasuwa, ga wanda abin ya yi wa tsanani, sau da yawa mako biyu ne ko uku. Ke nan yawancin waɗanda aka binne a ƙarshen Afrilu sun kamu ne tun kafin a rufe gari, ko a kwanakin farko na rufewar. Mutuwar Afrilu tana nuna cewa cutar ta daɗe tana yawo kafin gwaji ya kama ta, ba ta nuna kulle ya yi aiki ko bai yi ba.

Shi kulle ba ya kashe ƙwayar cuta. Lokaci yake saya wa hukuma. Tambayar da ta dace ita ce me aka yi da lokacin: ɗakunan gwaji nawa aka buɗe, gadaje nawa masu iskar oksijin aka tanada, mutum nawa aka horar su bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar.

Lissafi101:
Ƙari a kan haka, a watan Yunin 2020 ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon binciken mace-macen Kano: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana zaton korona ce sanadi ko ita ta tsananta wata cutar da suke da ita. Ku lura, ba gwada gawarwakin aka yi ba. Iyalai aka bi ana tambaya me ya same shi, ya yi zazzaɓi, numfashi ya sarƙe, kwana nawa ya yi a kwance. Shi ya sa adadin ya zo da zato a ciki.

Dan_Kurmi:
To ai maganata ke nan. An rufe mutane, amma ba a iya gwada ko waɗanda suka mutu ba.

MalamarLab:
Malam, gwajin nan sarƙa ce mai tsawo, kuma a kowace gaɓa yana iya tsinkewa. Bari in jero yadda PCR, gwajin da ake yi a ɗakin gwaji don gano sinadarin halittar ƙwayar, ke tafiya.

Ana tura tsinken auduga na musamman ta hanci har can bayan hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro, a juya shi na ɗan daƙiƙu. Tsinken a miƙe yake shiga, kamar za a nufi kunne, ba sama wajen ido ba. Wanda ya shafa bakin hanci kawai ya zaro, samfurinsa na iya fitowa babu cuta alhali tana nan. Kan tsinken kuma ba audugar gona ba ce, sandarsa ba ta itace ba, domin waɗannan na iya hana gwajin aiki. Daga nan a karya shi cikin 'yar kwalba mai ruwan da ke riƙe ƙwayar, a rufe sosai, a rubuta lambar da ta yi daidai da ta fom. Kwalbar ta shiga leda mai abin tsotse ruwa, ledar ta shiga gwangwani mai murfi, gwangwanin ya shiga kula mai ƙanƙara. Rufi uku ke nan. A digiri 2 zuwa 8 samfur na jure awa 72. In zai wuce haka sai a daskarar da shi a digiri 70 ƙasa da sifili, irin firij ɗin da ba kowane asibiti ke da shi ba.

A ɗakin gwaji sai an fara kashe ƙarfin ƙwayar a cikin akwati mai zuƙe iska, a ciro sinadarin halittarta, a haɗa da ruwan gwaji, sannan na'ura ta yi ta ninka shi. Aikin kansa sa'o'i ne kawai. Abin da ke mai da shi kwana biyar shi ne mota, layin samfura, wutar lantarki, da ƙarewar kayan ciro sinadarin, wanda a 2020 duk duniya ke wawaso a kansa.

A Kano ɗaki ɗaya ne ke wannan aiki a farkon lamarin, na asibitin Malam Aminu Kano, kuma a ƙarshen Afrilu an dakatar da shi na wasu kwanaki, ga ƙarancin kayan aiki ga wasu ma'aikata sun kamu. Samfura suka koma tafiya Abuja. Na Jami'ar Bayero da na tafi-da-gidanka wanda gidauniyar Ɗangote ta kawo daga baya suka zo. Wato kwanakin kulle mafi tsada sun wuce garin ba shi da ido.

Mai_Bibiya:
Jinkirin nan shi ke kashe bibiya. Ƙa'idar a 2020 ita ce a nemo duk wanda ya zauna kusa da mai cutar, tazarar mita ɗaya, na minti 15 ko fiye, tun daga kwana biyu kafin alama ta bayyana, a sa masa ido kwana 14. In mutum ya yi kwana uku yana shan maganin maleriya kafin ya zo, sakamako ya ɗauki kwana biyar, to kwana takwas sun tafi. Waɗanda ya shafa wa sun riga sun shafa wa wasu. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da babur ɗaya ba zai kamo wannan ba, ko da an ba shi waya mai SORMAS, manhajar bibiyar masu cutar.

Kwari_Layin_Uku:
Ni tambayata ga masana ita ce ranakun sassauci. A watan Mayu aka ce a fita Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Wane ilimi ne a cikin wannan? Cefanen mako guda na gari kamar Kano a cikin awa goma sha biyu?

Likitan_Kauye:
Babu ilimi a ciki, Alhaji, matsin yunwa ne ya tilasta. Haɗarin kamuwa yana ƙaruwa da abu uku: yawan mutane a wuri, daɗewarsu tare, da rashin iska. In ka matse cinikin kwana bakwai cikin yini biyu, na farko da na biyu ka ninka su, a kasuwannin 'Yankaba da Rimi da bakin na'urar cire kuɗi. Abin da ya fi shi ne kasuwar abinci ta zauna a buɗe kullum, a tsawaita awanni, a watsa masu kayan gwari zuwa filayen makarantu na unguwanni tunda makarantun a rufe suke, shiga ta ƙofa ɗaya fita ta wata. Abin da ake rufewa shi ne taro a rufaffen ɗaki: zauren biki, ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, aji mai cunkoso.

Sannan kulle an ƙirƙiro shi ne ga gidan da mutum zai iya keɓe kansa. Gidan haya mai iyali takwas, banɗaki ɗaya, ana sayen ruwa a wajen mai garuwa, zaman gida a nan cuɗanya ce ta yini guda. Ɗan dako, mai adaidaita sahu, mai sayar da ƙosai, abin da suka samu yau shi za a ci yau. Dokar da ba ta zo da hatsi ba, a kwana na uku take karyewa.

Mai_Bibiya:
Likita, na yarda da batun kasuwa, amma kada a jefar da kullen gaba ɗaya. Hana zirga-zirga tsakanin jihohi na ɗan lokaci yana da amfani in cutar tana gari ɗaya ko biyu. Matsalar an rufe hanya a takarda, ana wucewa da cin hanci, sannan a lokaci guda gwamnoni na kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu.

Baban_Tsangaya:
Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo. Yara aka cusa a motoci na sa'o'i, ba a gwada su kafin tashi ba, sai da aka isa, kamar a Kaduna, aka gwada aka samu masu ɗauke da cutar a cikinsu. Da an bar kowace tsangaya a inda take, an kai wa malami abinci da sabulu da tankin ruwa don yaran su daina fita bara, an gwada masu tari da zazzaɓi a nan, da kuɗin bai kai na jigilar ba. 'Ya'yana masu aikin lafiya, in an zauna tsara na gaba a sa alarammomi a ciki tun farko.

Nas_Ta_Fagge:
Gaskiya ne Baba. Kuma kada a manta rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa: a mako biyun farko na kulle a Najeriya jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar, adadin da ya fi wanda cutar ta kashe a hukumance a lokacin. Akwai kuma asarar da ba a ƙirga ba. Mai naƙuda da aka tsare a shinge, yaron da ya rasa allurar ƙyanda, mai tarin fuka da maganinsa ya yanke. Duk dokar kulle sai ta fito da katin wucewa na ma'aikatan lafiya da marasa lafiya tun ranar farko.

Gwani_Sabo:
Ni dai a bar maganar PCR ɗin nan mai tsada. A raba gwajin gaggawa irin na maleriya, kowa ya gwada kansa, minti 15 an gama.

Lissafi101:
Gwani, ɗan lissafa tukuna. Mafi ƙarancin ingancin da hukumar lafiya ta duniya, WHO, ta amince da shi ga gwajin gaggawa shi ne ya kama 80 cikin masu cutar 100, kuma ya wanke 97 cikin lafiyayyu 100. Ɗauki misali, mutum 1,000 a unguwar da mutum 10 kacal ke da cutar. Zai kama 8, ya saki 2. Cikin lafiyayyu 990 kuma zai ɗora wa kusan 30 cutar da ba su da ita. Ke nan cikin mutum 38 da aka ce suna da ita, 8 ne na gaskiya. Ka killace magidanta 30 a banza, gobe wa zai yarda a gwada shi? Amma in a asibiti ne, tsakanin masu zazzaɓi da tari lokacin da cutar ke tashe, lissafin juyawa yake, yawancin waɗanda ya nuna na gaskiya ne.

MalamarLab:
Lissafin daidai ne a kan mafi ƙarancin ma'auni, sai dai nagartattun kayan sun fi 97 nesa wajen wanke lafiyayye, don haka 30 ɗin nan za ta ragu sosai. Abin da ya fi damuna da gwajin gaggawa a ƙasarmu zafi ne. An rubuta a kwalin a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. Kano a Afrilu tana haura 40, cikin kwantena ko but ɗin mota kuwa ya fi haka. Sai kurakuran hannu: ɗiga ruwa fiye da adadin da takardar ta ce, karantawa bayan minti 30 lokacin da layin ƙarya ke iya fitowa, da amincewa da sakamako alhali layin tabbatarwa bai fito ba. In wannan layin bai fito ba gwajin ya lalace, a sake. Yana fin kamawa a kwana 5 zuwa 7 na farkon alama. Mai alama ƙarara da ya fito babu, a sake bayan kwana ɗaya ko biyu, ko a tura PCR.

Akwai hanya ta tsakiya da aka yi amfani da ita: na'urorin GeneXpert na gwajin tarin fuka da ke asibitoci da dama. Ana sa musu ɗan kwanson gwajin korona, ƙasa da awa ɗaya sakamako ya fito, ba sai an ciro sinadari da hannu ba. Illarta, mai gurbi huɗu samfur huɗu take ɗauka a lokaci guda, tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi, kuma duk gurbin da korona ta hau, mai tarin fuka ne ke jira.

Dan_Kurmi:
Malama na gode. To ke nan gwaji ne farko? Ina masu rigakafi?

Sarkin_Sanyi:
Ga mu nan. Amsa a gajarce, rigakafi ba ya cikin zaɓin watan farko in ƙwayar sabuwa ce. Korona ta shigo Najeriya 27 ga Fabrairun 2020, allurar farko ta sauka Abuja 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 na AstraZeneca ta COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe allurar korona. Shekara guda ke nan, kuma wannan ma gudu ne da ba a taɓa yin irinsa ba. Abin da za a iya sa wa kuɗi tun yanzu shi ne hanyar da allurar za ta bi.

Kowace allurar korona ta wancan lokacin da halinta. AstraZeneca digiri 2 zuwa 8, firij ɗin sola na asibitin mazaɓa ya isa, kwalba ɗaya mutum 10, rabin mililita a dantse, tazarar mako 8 zuwa 12. Ba a daskarar da ita, in ta daskare ta tashi aiki. Johnson & Johnson mutum 5 a kwalba, allura ɗaya, shi ya sa ta fi dacewa da ƙauyuka masu nisa da makiyaya. Moderna a daskare take zuwa, wajen digiri 20 ƙasa da sifili, in an narkar ta yi kwana 30 a firij. Pfizer ita ce mai wahala: wajen digiri 70 ƙasa da sifili, sai an sirka kwalbar da ruwan gishiri na asibiti mililita 1.8, a juya a hankali ba a girgiza ba, a ba kowa 0.3. Mutum 6 ke fita, amma sai da sirinjin da ba ya riƙe saura a bakinsa. Da sirinji na gama-gari sau da yawa 5 za ka samu. Da farko kwana 5 kawai aka yarda ta yi a firij bayan narkewa, daga baya aka mai da shi wata guda.

Inda aka fi asara wuri biyu ne. Na ɗaya, ƙanƙarar kula. Mutane na tsoron zafi su manta da sanyi. In ka ciro robar ƙanƙara daga firiza ka manna wa kwalba, ka daskarar da ita. Sai an ajiye robar a waje har ta fara gumi, ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki, sannan ta shiga kula. Na biyu, buɗaɗɗiyar kwalba: awa 6 ne, bayan nan zubarwa. Ka buɗe ta mutum 10 don mutum uku, bakwai sun tafi. Ka ce su jira a cika goma, biyu su gaji su tafi ba su dawo ba.

Nas_Ta_Fagge:
Ƙari Yaya Sarkin_Sanyi: kwalaben korona yawancinsu ba su zo da ɗan tambarin nan mai canza launi ba, irin wanda ke jikin maganin shan inna, da ke gaya maka zafi ya taɓa shi. Don haka takardar rubuta zafin firij safe da yamma ita kaɗai ce shaida, har Asabar da Lahadi. Kuma a rubuta lokacin buɗewa a jikin kwalbar da biro nan take.

Wurin allura dole a samu adirinalin, maganin gaggawa na borin jini mai tsanani, a kan tebur, ba a cikin sito ba. Babba rabin mililita na mai ƙarfin 1 cikin 1,000, a tsokar cinya. Kowa ya zauna minti 15 bayan allura, mai tarihin borin jini minti 30. Ciwon dantse, zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu abu ne sananne, a faɗa wa mutum kafin a yi masa. In ba a faɗa ba ya kwana da zazzaɓi, washegari duk layinsu sun ji cewa allurar na kwantar da mutane.

Zongo_Kumasi:
Mu nan Gana muka fara karɓar na COVAX a duk duniya, 24 ga Fabrairun 2021, guda 600,000. Amma ba Najeriya ce ta lalata allurai sama da miliyan ɗaya ba? Wannan ba ƙin karɓa ne ya jawo ba?

Sarkin_Sanyi:
An lalata, a Abuja, Disambar 2021, AstraZeneca sama da miliyan ɗaya. Amma babban dalilin shi ne kyauta ce daga ƙasashen waje da ta iso saura 'yan makonni wa'adinta ya ƙare. Kafin NAFDAC ta duba, a kai ɗakin sanyi na ƙasa, a raba wa shiyya, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, kwanakin sun cinye. Daga nan hukumar lafiya a matakin farko, ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, ta ce ba za a sake karɓar mai gajeren wa'adi ba. Ƙin karɓa ya taimaka, ban musa ba, amma ba shi ne kan gaba a wannan asarar ba.

Baban_Tsangaya:
Ƙin karɓar ma yana da asali, kada a mai da mutane jahilai. A 1996 lokacin sanƙarau an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara a Kano, wasu suka rasu wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kafin a yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Daga nan aka zo dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004. Abin da ya gyara lamarin shan inna sarakuna ne da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, da mata 'yan unguwa masu shiga gida gida, har aka kai ga shelar kawar da nau'inta na asali daga Afirka a Agustan 2020. Wannan hanyar tana nan. In aka zo da allura da sanarwar rediyo kawai, mai unguwa bai sani ba, sai a yini ana kallon kula.

Likitan_Kauye:
Haka ne Baba. Shi ya sa ni amsata ga Dan_Kurmi ba ta cikin ukun da ya lissafa. Oksijin. Wanda korona za ta kashe, ƙarancin iska a jini ke kashe shi, kuma wani yana zaune yana hira iskar tasa ta faɗi bai sani ba. Ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini ba shi da tsada. Ƙasa da 90 ciwo ne mai tsanani, a nemi oksijin nan take. Na'urar tace oksijin daga iska tana ba da lita 5 a minti, babbar 10, amma in wuta ta ɗauke ta tsaya, don haka sai da sola ko tukunyar ajiya a gefe. Sai maganin dexamethasone, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, wanda binciken Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 yana rage mutuwa ga masu buƙatar oksijin. Ga wanda ba ya buƙatar oksijin ba shi da amfani, yana iya cutarwa ma, ga shi yana ta da sukari. A kiyaye, domin ana sayensa a kemis kamar alewa.

Nas_Ta_Fagge:
Likita, a ƙara da cewa abin yatsan na yin ƙarya in hannu ya yi sanyi, ko akwai jan farce ko baƙin lalle. A nemi yatsan da ba shi da shi, a jira lamba ta tsaya. A fata mai duhu kuma yakan nuna sama da gaskiya kaɗan, don haka 92 tare da haki ba abin sakin jiki ba ne.

DanDamagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Nan Nijar an samu na farko 19 ga Maris 2020. Ba a kulle mutane cikin gida irin na Kano ba. Yamai aka killace, ba shiga ba fita, aka sa dokar hana fitar dare, aka rufe masallatai. Rufe masallatan ne ya ta da tarzoma a wurare, sai a watan Mayu aka buɗe. Gwaji kuwa da farko duk a cibiyar CERMES ta Yamai ake yi, ku auna nisan Damagaram ko Diffa da can. A lokacin iyakarmu da ku a rufe take tun Agustan 2019 saboda shinkafa, amma wanda ya san Maigatari ko Jibiya ko Illela ya san rufe ƙofar kwastan ba ya hana babur wucewa. In ba a sa gwaji da ma'aikaci a kasuwannin iyaka na ɓangarorin biyu ba, rufewar ta takarda ce.

Gwani_Sabo:
To Ebola fa? A 2014 ta shigo Legas aka gama da ita ba a kulle kowa ba. Me ya hana a yi haka?

Mai_Bibiya:
Ƙwayoyin ba halinsu ɗaya ba. Ebola ta shigo da fasinja ɗaya ranar 20 ga Yulin 2014, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dokta Stella Adadevoh da ta hana shi barin asibiti, aka ayyana ƙarewarta 20 ga Oktoba. Mai Ebola ba ya yaɗa ta sai ya fara ciwo, kuma ta jini da amai da gudawa take bi. Ka auna zafin jikin waɗanda suka taɓa shi kullum har kwana 21, wanda ya yi zazzaɓi ka ɗauke shi, ka rufe hanya. Korona kuwa ta iska take bi, kuma mutum na yaɗa ta kafin shi kansa ya san yana da ita. Shi ya sa bindigar auna zafi a ƙofar banki ba ta tsare komai ba. Zazzaɓin Lassa da ke zuwa mana duk rani shi kuma daban: ɓera ne tushe, ba shi da rigakafin da aka amince da shi, kulle gari ba zai taɓa shi ba. Don haka Malam Dan_Kurmi, amsar tana rataye da tambaya biyu da ake yi a makon farko: ta ina take bi, kuma tana yaɗuwa kafin alama ko bayanta?

Uwar_Marayu:
Don Allah a taimaka da haɗin ruwan bilic na goge wuri, kowa da abin da yake faɗa.

MalamarLab:
Hajiya ki duba ƙarfin da aka rubuta a jikin robar. In 3.5 cikin ɗari ne, na goge ƙofa da tebur da banɗaki: ma'auni 1 na bilic, 34 na ruwa. Na jini ko amai: 1 da 6. A fara wankewa da sabulu, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya da wani sinadarin, kada a fesa wa mutum a jiki.

Dan_Kurmi:
Na ƙaru ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ce min e ko a'a. A sake kulle Kano ko kar a sake?

Likitan_Kauye:
Irin na 2020, a'a. Gari mai cin yau da na yau ba ya kulluwa. A hana manyan taruka a rufaffen wuri, a kare tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini, a sa takunkumi a mota da asibiti, sauran kuɗin ya tafi oksijin.

Mai_Bibiya:
Ni ba zan ce a'a kai tsaye ba. In ƙwayar mai bin iska ce, tana kisa fiye da korona, gadaje sun cika, to mako biyu na iya zama dole. Amma da sharaɗi a rubuce kafin a rufe: hatsi ya isa hannun masu unguwanni tukuna, ba irin kayan tallafin da aka tarar jibge a rumbuna a Oktoban 2020 ba, sakamakon gwaji ya riƙa fita cikin awa 48, kuma a faɗi ma'aunin buɗewa. WHO a lokacin ta ba da shawarar waɗanda gwaji ke kamawa su zauna ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na waɗanda aka gwada har kwana 14.

Lissafi101:
Wannan kashi 5 ɗin ma yana da tarko. In matafiya masu neman takardar jirgi ka fi gwadawa, zai sauka ƙasa ko da cutar na cin unguwanni. In marasa lafiyar da ke kwance kawai ka gwada, ba zai taɓa sauka ba. Sai an ware alƙaluman gida biyu. Ni da za a ji tawa, a haɗa da ƙidayar makabartu ta mako mako tun yanzu da babu annoba, a san adadin da aka saba binnewa a Ɗandolo ko Tarauni a watan Afrilu, don ranar da ya haura a gane cikin kwana bakwai.

Kwari_Layin_Uku:
Wa zai biya mai rubutawar? Masu haƙar kabari da yawansu sadaka suke dogaro da ita.

Mai_Bibiya:
Ƙaramar hukuma, ta hannun jami'in sa ido da ke zagaya asibitoci duk mako dama. Littafi ɗaya a kowace makabarta: rana, shekaru, jinsi, unguwa. Ba sai an rubuta sanadi ba. Malama MalamarLab, in an ga adadin ya haura, za a iya ɗaukar samfur daga mamaci kafin wanka ba tare da an jinkirta jana'iza ba?

MalamarLab:
Za a iya. Tsinken hanci ne irin na mai rai, minti biyu ya isa, da safar hannu da takunkumi da kariyar ido. Wahalar ita ce lokaci, tunda wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi. Sai dai a ajiye kayan ɗauka da kula a asibitin mazaɓa, liman ko mai unguwa ya kira, kuma da izinin iyalan.